Tsofaffin na'urorin sarrafa fitilun dandamali: Yadda ake ƙoƙarin raya su

A yawancin manyan gidajen wasan kwaikwayo akwai wani ɗan ɗaki a bayan 'yan kallo, inda mutum guda ke zaune gaban wani tebur mai ɗimbin maɓallai. Daga nan ne ake ƙara haske ko a rage shi, a mayar da dandamali tamkar hantsi ko tsakar dare.

Irin wannan tebur ya sha sauye-sauye cikin shekaru kusan ɗari, kuma galibin tsofaffin sun ƙare ne a hannun 'yan gwangwan. 'Yan kaɗan da suka tsira suna gidajen tarihi, ko hannun tsofaffin ma'aikata da masu sha'awa da ke faɗi-tashin ganin sun ci gaba da aiki.

Daga ruwan gishiri zuwa maɓallai

A shekarar 1881 ne gidan wasan Savoy da ke birnin Landan ya zama ginin jama'a na farko a duniya da aka haskaka baki ɗayansa da lantarki. Kunna fitila abu ne mai sauƙi. Wahalar ita ce rage haskenta sannu a hankali.

Ɗaya daga cikin dabarun farko ita ce tulun ruwan gishiri, wanda ake tsoma ƙarfe a ciki: gwargwadon nisan ƙarfen da wani da ke gindin tulun, gwargwadon raguwar wutar da ke isa ga fitila. Daga bisani aka koma ga manyan alluna masu hannuwan ƙarfe, waɗanda ƙarti da dama ke ja a gefen dandamali, sau da yawa ba tare da suna ganin sakamakon aikinsu da kyau ba.

Wani matashin ma'aikacin kamfanin Strand Electric na Birtaniya, Fred Bentham, shi ne ya sauya wannan tsari. A 1935 ya fito da na'urar da ya kira Light Console, wadda ya gina a kan teburin kayan kiɗan nan na ogan, irin wanda kamfanin Compton ke ƙera wa gidajen silima. Mutum ɗaya zai zauna inda yake hangen dandamali, ya zaɓi fitilun da yake so, ya motsa haskensu da yatsu da kuma ƙafafu.

An kafa irinta a gidan opera na São Carlos da ke Lisbon a 1940, sa'annan a gidan Palladium na Landan, da kuma Drury Lane a 1950.

Na'urar ba ta ajiye matakan haske kamar yadda kwamfuta ke yi. Kusan komai yana kan ma'aikacin da hannuwansa, kamar dai makaɗi.

Zuwan kwamfuta

A tsakiyar shekarun 1960 aka fara samun na'urorin da ke iya riƙe matakin kowace fitila su dawo da shi da maɓalli guda, irin su Q-File ta kamfanin Thorn da IDM ta Strand.

A Broadway, cibiyar wasannin birnin New York na Amurka, an daɗe ana amfani da tsofaffin alluna na hannu har zuwa 1975, lokacin da mai tsara haske Tharon Musser ta yi amfani da wata na'ura mai kwamfuta, LS-8, a wasan A Chorus Line. An yi wasan sau 6,137 kafin a rufe shi a 1990. A Landan kuwa, sabon ginin National Theatre ya soma aiki a 1976 da na'urar Lightboard, wadda Richard Pilbrow ya tsara.

Me ke kashe su?

Abin mamaki, na zamanin kwamfuta sun fi saurin mutuwa a kan na ƙarfe da waya da suka girme su.

Akwai ƙaramin batir a ciki mai riƙe bayanai idan an kashe wuta. In ya tsufa sai ya yi yoyo, ruwansa ya cinye siraran layukan tagulla da ke kan allon lantarki. Ƙananan ma'ajin caji da ake kira kafasito su ma sukan bushe, shi ya sa masu gyara ba sa gaggawar jona wa na'urar da ta shekara ashirin a ajiye wuta kafin su duba ta. Ƙura tana shiga maɓallan da ake turawa sama da ƙasa, haske ya riƙa rawa.

Mafi haɗari shi ne manhajar da ke cikin ƙananan guntayen ajiya. Bayanan da ke cikinsu na iya gogewa da kansu bayan shekaru masu yawa, kuma idan babu kwafi, na'urar ta zama gawa ko da kuwa duk sassanta lafiya lau suke. Don haka abu na farko da ƙwararru ke yi shi ne kwafe manhajar.

Sai batun faifai. Fitattun na'urorin shekarun 1990, kamar Express ta kamfanin ETC da Wholehog II, suna ajiye aiki ne a kan faifan filofi, wanda kamfanin Sony ya daina ƙerawa a 2011. Masu gyara kan cire ma'ajin faifan su sa wata 'yar na'ura da ke karɓar filashi, amma tana yaudarar teburin ya ɗauka faifai ne.

Matsalar yare

Tebur shi kaɗai ba ya rage haske. Umarni kawai yake aikawa ga wasu na'urori da ke wani ɗakin, su ne ke rage wutar. A da kowane kamfani da yarensa: wasu na aika wuta daga sifili zuwa bolt goma ta waya guda ga kowace fitila, Strand na da tsare-tsarenta irin su D54 da AMX192.

A 1986 ne ƙungiyar masana fasahar wasan kwaikwayo ta Amurka, USITT, ta fito da tsarin bai-ɗaya mai suna DMX512, wanda ke ɗaukar layuka 512 a waya ɗaya. Na'urar da aka ƙera bisa wannan tsari tana iya magana da kayan yau. Wadda ta riga shi kuwa sai an haɗa ta da na'urar da za ta yi mata tafinta.

Ko da an yi hakan, akwai iyaka. Tsohuwar fitila layi ɗaya take buƙata, amma fitila mai juyawa da sauya launi, irin wadda kamfanin Vari-Lite ya fara nunawa a wasannin mawaƙan Genesis a 1981, tana iya cin layuka ashirin ko fiye.

Lamarin Light Console ya fi haka wuya. Teburin rabin na'urar ne kawai. Ɗaya rabin wani ƙaton tsari ne na injina da sanduna masu juyawa da ke cika ɗaki, kuma shi ake fara farfasawa idan an zo sabunta gini. Wanda ya mallaki teburin a yau, sai ya ƙirƙiro abin da zai maye gurbin wancan rabin kafin ya ga fitila ta amsa.

Abin da ake gudun rasawa

A Birtaniya akwai ƙungiyar 'yan sa-kai ta Backstage Heritage Collection, wadda ke tattara bayanai kan tsofaffin kayan bayan fage, da kuma taskar Strand Archive mai adana littattafan kamfanin da zane-zanen wayoyinsa. Ga mai gyara, irin wannan zane yakan fi na'ura ta biyu daraja.

Sai dai takarda ba ta nuna yadda ake haɗa yatsu goma da ƙafa biyu a sauya haske daidai da kiɗa. Bentham ya rasu a 2001, kuma waɗanda suka yi aiki da na'urarsa a gidajen wasa sun manyanta. Wannan ne ya sa masu adanawa ke ƙoƙarin ɗaukar hirarraki da tsofaffin ma'aikatan, musamman ma idan aka samu tebur mai aiki da za su zauna gabansa su nuna yadda ake yi.