Yadda Turmin Isan Ya Shiga Birnin Bankok

Mu dai ta buhun shinkafa muka fara sanin Tailan. Sunan ƙasar a jikin buhu muka gan shi tun kafin mu san inda take a taswira. Sai dai a arewa maso gabashin ƙasar, yankin da ake kira Isan, mafi yawan manoma shinkafa iri biyu suke shukawa: mai ƙamshi wadda suke sayarwa, da mai danƙo wadda suke ci. Ta biyun nan turara ta ake yi, a zuba a ɗan kwandon gora mai murfi, a riƙa gutsura da hannu ana dunƙulawa ana dangwala miya, kusan yadda muke yi da tuwo.

Isan jihohi 20 ne, kuma kusan kashi ɗaya cikin uku na mutanen ƙasar a can suke. Harshensu da al'adunsu sun fi kusa da na Lawos da ke tsallaken kogin Mekong; yarjejeniyar 1893 tsakanin Siyam da Faransa ce ta mayar da kogin iyaka. Ƙasar jigawa ce, ba ta riƙe ruwa, a wasu wurare har gishiri yake tasowa. Damina ta zo da ambaliya, rani ya zo ya daɗe. Shinkafa sau ɗaya ake girbe ta a shekara a mafi yawan gonaki, sauran watannin kuwa sai abin da fadama da daji suka bayar.

Daga nan abincin da baƙi ke yi wa kallon mamaki ya samo asali. Idan ruwa ya fara janyewa daga gonakin shinkafa, ana kama ƙananan kifi da yawa fiye da yadda za a ci a mako. Sai a cakuɗa su da gishiri da dusar shinkafa, a danna a tulu a rufe na watanni, wani lokaci fiye da shekara. Wannan shi ne pla ra, ko pla daek a bakin mutanen yankin. Wanda ya san abin da daddawa take yi wa miyar kuka ba ya buƙatar dogon bayani, har da yadda wanda bai saba ba yake toshe hanci. Kwaɗi da kaguwar gona da dodon koɗi na damina ne. Da rani kuwa, wajen Maris da Afrilu, ana ɗaura kwando a kan doguwar sanda a zunguri sheƙar jajayen tururuwa da ke saman bishiyar mangwaro, ƙwansu ya zubo, a yi miya da shi ko a soya da ƙwan kaza. Tsaminsa kan ɗauke wa mai girki sayen lemun tsami.

A irin wannan ƙauye babu maganar zuwa gidan abinci. Cin abinci a waje shi ne cin sa a rumfar gona lokacin dashe da girbi, ko a harabar wurin ibada, inda bayan limaman addinin Buda sun ci abin da aka kawo musu, jama'a suke zama a tabarma su raba ragowar. Gaisuwar ma tambaya ce ko mutum ya ci shinkafa. Wanda ya wuce ana ci, kiransa ake yi.

Hanya ce ta sauya wannan. Jirgin ƙasa ya isa Korat a 1900, ya kai yankin Ubon a 1930. A 1958 aka buɗe babban titin Mittraphap, wato titin abota, da kuɗin Amurka, kuma a shekarun yaƙin Biyetnam sojojin Amurka suka kafa sansanonin jiragen sama a Udon Tani da Ubon da Korat. Matasan ƙauye suka riƙa tafiya Bankok cin rani: leburanci, tuƙin keke mai ƙafa uku, aikatau, dambe. Inda suka taru sai turmi ya biyo su. Kewayen filin damben Rajadamnoen ya yi suna da gasasshen kaza da som tam, wato ɗanyar gwanda da ake fereya a daka da barkono da tafarnuwa da lemun tsami. (Gwanda da barkonon ma baƙi ne. Daga nahiyar Amurka suka fito, ta hannun fataken Turai. 'Yan Fotugal sun iso Ayutaya a 1511.)

Mutanen birni sun daɗe suna raina wannan girki a matsayin abincin leburori. Da suka karɓe shi kuwa sai da suka yi masa gyara: aka cire pla ra, aka zuba gyaɗa da busasshen jatan lande da sukari. Mu a ganinmu wannan som tam na birni ya fi sauƙin haɗiya amma ya rasa rabin labarinsa. Yau kuwa mai pla ra ya dawo kasuwa da ƙarfinsa, har littafin Michelin na 2023 ya shigar da biranen Isan huɗu.

Labarin fara ya fi ba mu sha'awa, don mun san ta a kasuwannin Maraɗi da Maiduguri. A ƙarshen shekarun 1970 fara ta addabi gonakin masara, feshin magani bai yi abin da ake so ba, sai hukumomi suka shiga kiran jama'a su kama su soya. Abin ya karɓu har fara ta koma haja mai tsada. A ƙarshen shekarun 1990 masana a Jami'ar Kon Kaen suka koya wa manoma kiwon gyare a cikin kwandunan siminti, kuma rahoton hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2013 ya ƙiyasta gonakin gyare kusan 20,000 a ƙasar.

Akwai kuma abincin da bai bi titi zuwa birni sosai ba, ya zauna a ƙauye da illarsa. Koi pla ɗanyen kifin ruwan daɗi ne da ake sassara a cakuɗa da barkono da ganyaye da lemun tsami, ana yawan yin sa nan take a bakin tafki. A tsokar kifin akwai wata tsutsa da ke shiga magudanar madaciya a hanta, ta zauna shekaru ba tare da mai ita ya ji komai ba. Ƙwanta na fita ta bahaya, ya shiga dodon koɗi, ya koma kifi. A 1994 hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta sa ta cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa cutar, kuma jihar Kon Kaen na cikin wuraren da suka fi ko'ina a duniya yawan wannan nau'in ciwon. Lemun tsami ba ya kashe tsutsar, barasa ma haka. Wuta ce take kashe ta.

Maganin tsutsar yana nan, sai dai mutum ya sha yau ya koma bakin tafki gobe. Shi ya sa a ƙauyukan tafkin Lawa, Farfesa Banchob Sripa da abokan aikinsa suka sauya salo: suka shigo da malaman firamare da masu aikin lafiya na sa kai, aka sa darasin a makaranta da cikin waƙoƙin gargajiya na yankin, aka kuma bi karnuka da kuliyoyi da magani, tunda su ma suna cin ragowar kifin.