Daga Farantin Talla Zuwa Kwandon Sayayya

Duk wanda ya bi babbar hanyar da ta taso daga Gidan Rumji ta ratsa Maradi, Cadawa, Agye da Gazawa ya san ciniki a nan ba a rumfar kasuwa kaɗai yake ba. Tun zamanin da gyaɗa ke tashe a mulkin Faransa, mata na matse mai, suna soya ƙuli-ƙuli a cikin gida, kaya na isa ga mai saye ba tare da sun taka ƙofar zaure ba. A 1969 wata Baturiyar Ingila, Polly Hill, ta yi rubutu kan irin wannan a Batagarawa kusa da Katsina, ta kira shi ɓoyayyen ciniki.

Abu biyu ne suka riƙe shi: sautu da talla. Mai bukata ya ba mai zuwa kasuwa kuɗi ya sayo masa. Mai sayarwa kuma ta ɗora wa 'yarta faranti. Yarinyar ita ce ke nuna kaya, ta faɗi farashi, ta ƙirga canji, ta kawo kuɗi gida. Wannan aiki shi ne yau kwamfuta ke yi, ake ce masa kwandon sayayya na intanet.

Shi ma kwandon yana da tarihinsa. A 1937 wani mai kanti a Oklahoma ta Amurka, Sylvan Goldman, ya fito da kwando mai taya. A 1994 Lou Montulli na kamfanin Netscape ya ƙirƙiro hanyar da shafin intanet zai riƙa tuna abin da mai saye ya zaɓa, a 1995 Amazon ya fara sayar da littattafai. Mu kuwa wayar salula ta shigo Nijar ne a farkon shekarun 2000, yanzu ga WhatsApp, ga Nita da Al Izza na aika kuɗi.

Na daɗe ina gaya wa 'yan'uwana malamai cewa gina ƙaramin kwando bai fi ƙarfin ɗalibin sakandare ba. Abu huɗu yake bukata: sunan kaya, farashi, adadi, da jimla. Daga nan saƙo ya tafi wayar mai kaya. Wanda ya iya ninkawa da tarawa ya yi rabin aikin.

Amma kwandon da aka ɗinko daga waje ba zai zauna mana daidai ba. Bai san tiya ba, alhali da ita ake auna aya da wake. Ya rubuta 100, uwar gida kuma dala ashirin ta sani. Ba ya magana, ga shi masu saye da yawa saƙon murya suka fi ganewa. Ɗan gari ne zai gyara waɗannan, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Iyaye, abin da ya dame ni shi ne yarinyar nan mai faranti. Kowace safiya da ta yi a tasha, darasi ne ya wuce ta. Uwa ba za ta bar sana'arta ba, da ita ake cefane, da ita ake tara kayan ɗaki. To a ɗauke wa yarinya aikin nuna kaya da lissafi a ba waya, mai babur ya kai saƙo. In an koya mata a aji, wataƙila ita ce za ta gina wa uwarta kwandon.