Yadda Ƙugiya Ta Hau Kan Haruffan Hausa

Duk mai sana'ar tsara bangon littafi ko fastar fim a Kano ya san wannan ciwon kai. Ka zaɓi salon haruffa mai kauri da ɗaukar ido, ka rubuta take, sai ka iso kan ɗ ko ƙ, kwamfuta ta ajiye maka ɗan akwati fanko, ko ta aro wani siririn harafi daga wani salon ta cusa a tsakiyar kalma. Matsalar ta girmi kwamfuta nesa ba kusa ba.

Malaman ajami sun riga kowa samun mafita. Larabci yana da baƙaƙen da bakin Bahaushe bai cika bambantawa ba, sai suka ba su sabon aiki: ɗa mai hannu ta ɗauki sautin ɗ, ƙaf ta ɗauki na ƙ. Alƙalamin kara ne da tawada, abin da hannu ya so shi zai zana.

Boko ne ya zo da rikici. J. F. Schön, ɗan mishan Bajamushe da ya biyo tawagar kogin Kwara a 1841, ya wallafa nahawun Hausa a 1862 da ƙamus a 1876, amma kunnensa bai raba b da ɓ ba. Bayan da Lugard ya zaɓi boko a matsayin rubutun gwamnati, Hanns Vischer, wanda Kanawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya buɗe makaranta a Nasarawa ta Kano a 1909, ya kuma fitar da ƙa'idojin rubutun Hausa a 1912. A wannan zamanin an riga an gane cewa kafa daban, ƙafa daban. Yadda za a nuna bambancin a takarda shi ne abin da aka daɗe ana ja-in-ja a kai. Wasu suna ɗiga ɗigo a ƙarƙashin harafi, wasu suna rataya ɗan waƙafi a gefensa, kamar yadda G. P. Bargery ya yi a babban ƙamusunsa na 1934.

Kowace dabara da aibinta, kuma aibin na maɗaba'a ne. A lokacin, harafi ɗan ƙarfen dalma ne da ake tsinta ɗaya bayan ɗaya a jera. Ɗigon da ke ƙarƙashi ƙanƙane ne, yana iya gutsirewa, yana iya ɓacewa in tawada ta yi ƙaranci, mai karatu kuma ya ɗauke shi dattin takarda. Waƙafin kuwa yana yayyanka kalma, ga shi an riga an ba shi wani aikin a kalmomi irin su sa'a da jama'a. Shafi guda sai ya cika da tsutsotsi.

Mafita ta fito daga Cibiyar Nazarin Harsuna da Al'adun Afirka da aka kafa a Landan a 1926, wadda Diedrich Westermann na Jami'ar Berlin yake cikin jagororinta. Aƙidarta ita ce kowane sauti ya sami harafinsa cikakke, ba faci ba. Rupert East, shugaban Hukumar Talifi a Zariya, shi ya ɗauki wannan ra'ayi ya tsaya a kansa a shekarun 1930, har aka tsayar da ɓ, ɗ da ƙ. A ganina zaɓin ya yi kyau ta fuskar zane. Ƙugiyar tana jikin harafin, hannu yana zana ta ba sai ya ɗaga alƙalami ba, kuma tana sama, inda idon mai karatu ya fi bi. Manyan baƙaƙen sun ɗan fi wuyar sha'ani: a Ɓ da Ɗ ƙugiyar ta koma hagu saboda babu sandar da za a lanƙwasa, a Ƙ kuma hannun dama ne ya tanƙwara.

Abin da ya kafa su a zukata ba doka ba ce, yawan bugu ne. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita a Janairun 1939, Abubakar Imam yana edita. A 1945 aka kafa Kamfanin Gaskiya a Tudun Wadan Zariya da maɗaba'arsa. Hukumar wallafa littattafai ta NORLA ta biyo baya a shekarun 1950 da ƙananan littattafan yaƙi da jahilci, sannan kamfanin wallafa littattafai na NNPC a 1966. Ɗalibin da ya tashi da Magana Jari Ce da Ganɗoki bai taɓa jin cewa ƙugiya baƙuwa ce ba.

Sauti na huɗu ya raba Nijeriya da Nijar: a nan ana rubuta 'y, can kuma ƴ.

Sai tafireta ta zo ta mayar da hannun agogo baya. Injinan ofis na Ingila ne ko na Faransa, babu ƙugiya a cikinsu. Akawu mai kula yakan gama bugu ya ɗauki biro ya bi layi-layi yana lanƙwasa kawunan haruffa, marar kula ya bar su haka. A shekarun 1980 Cibiyar Harsuna ta Ƙasa ta nemi haruffa guda da za su wadaci harsunan Nijeriya, da gudummawar Kay Williamson, shahararren mai zanen haruffa Hermann Zapf kuma ya gyara siffarsu. Amma lokacin da adabin kasuwar Kano ya bunƙasa, yawancin marubutan a ƙananan shagunan kwamfuta suke buga littattafansu, ƙugiya kuwa sai wanda ya dace. Abin dariya, mai fentin allon shago da mai zanen bayan babbar mota ba su taɓa shiga wannan matsala ba, buroshi ba ya tambayar ko harafi yana cikin inji.

Tsarin Unicode, wanda ya fara fita a 1991, ya bai wa kowane harafi lambarsa, sai dai ya warwatsa namu. Ƙananan ɓ da ɗ suna rukunin alamomin masana furuci, manyansu tare da ƙ da ƴ suna wani rukunin na ƙarin haruffan Latin. Mai zanen salo a Turai yana iya cike rukuni ɗaya ya tsallake ɗayan, shi ya sa za ka ga ƙ ta fito sumul, ɗ ta ƙi. Salo irin su Charis, Gentium da Andika na ƙungiyar SIL, da Noto na Google, sun haɗa su duka, kuma allon rubutu na Hausa a wayar hannu yana fito da su in ka danne harafin. Ajami ma ya sami rabonsa: SIL ta fitar da Alkalami, wanda aka kwaikwayo daga kakkauran rubutun Kano na littattafan kasuwa.

Inda giɓin ya rage shi ne haruffan ado na take da talla. A nan har yau mai zane yakan rubuta d, ya buɗe ta a CorelDraw, ya yanko lanƙwasar f ko ta r, ya liƙa mata a ka.