Cibiyar Dattawa ta Ƙasa da Aikin da Ya Rage Mata

Cibiyar Kula da Dattawa ta Ƙasa ba ta zo da wuri ba. Tun 2002 ƙasashen duniya suka amince a Madrid da tsarin kula da tsofaffi, amma sai a 2017 majalisar tarayya ta zartar da dokar kafa cibiyar, Shugaba Muhammadu Buhari ya sa mata hannu a farkon 2018. Daga nan ma dokar ta kwanta a takarda har 2021, shekarar da aka amince da manufar ƙasa kan tsufa, aka kuma naɗa Dakta Emem Omokaro shugabar cibiyar ta farko. Cikin manyan ayyukan da cibiyar ta sa gaba akwai mayar da kula da tsoho sana'a mai horo da takardar shaida, tare da hukumar ilimin fasaha ta NBTE. A tsakanin waɗannan shekaru aka haifi takwararta: dokar hana nuna wa nakasassu bambanci ta samu sa hannu a Janairun 2019, hukumarsu ta tsaya da ƙafarta a 2020, dukansu biyu a inuwar ma'aikatar jin ƙai.

Hukumomi biyu ne, amma sau da yawa gida ɗaya ne ke bin su bashi. A Toranke ko Balare ko Chula, cikin ƙaramar hukumar Ajingi, ba abin mamaki ba ne a tarar da gyatuma mai shekara saba'in tana yi wa ɗanta mai raunin fahimta wanka, tana ba shi abinci a baki, alhali shi ma furfura ta fara fito masa. Makafi da guragu da kutare suna da sarakunansu a ƙasar Hausa, masu kai kukansu fada. Mai raunin fahimta ba shi da sarki sai uwarsa. Kuma irin wannan gida ƙaruwa zai yi. A Amurka, masu larurar Down da a farkon shekarun 1980 ba su cika wuce shekara 25 ba, yau suna kai kusan 60, gigin tsufa kuma yana riskar su da wuri. Duk inda rigakafi da magani suka yaɗu, iyaye kan riga 'ya'yan nan tafiya.

Wani zai ce zumunci ya isa, Bahaushe ba ya yar da nasa. Gaskiya ne dangi ne suka riƙe amanar nan tun kafin a san hukuma, amma samari sun tafi cirani Kano da Legas, 'yan mata aure ya kai su wasu garuruwa, kuma abin da uwa ta sani na ɗanta, abin da ke firgita shi da abin da ke kwantar masa da hankali, da ita ake binne shi. Wani kuma zai ce babu kuɗi. Ai ba sabon gini ake nema ba. Ajingi mazaɓu goma ce, kowace da dagatai da masu unguwanni da ma'aikatan lafiya da suka san gida-gida tun zamanin yaƙi da shan inna. Su ne za su rubuta gidajen da tsoho ke riƙe da nakasasshe a rajista ɗaya da hukumomin biyu za su yi aiki da ita, a sa darasin raunin fahimta cikin horon masu kula da tsofaffi, a zauna da dangi tun uwa tana da rai a tsayar da wanda zai gaje ta. Ranar da gyatumar Toranke ta san hannun da za ta bar ɗanta, ranar ce kafuwar cibiyar ta kammala.