Gawayin da masana'antar mota ta haifa

A jihohin arewacin Amurka, inda ƙanƙara ke kulle mutane a ɗaki wata da watanni, shigowar zafi biki ce. Daga Litinin ɗin ƙarshe ta watan Mayu har zuwa Litinin ɗin farko ta Satumba, ƙamshin gasasshen nama ne ke tashi daga bayan gidaje, balle ranar 4 ga Yuli da suke bikin samun 'yancin kai. Maigidan da ko cokali ba ya ɗagawa a kicin, ran nan shi ne a bakin garwashi yana juya nama. In ka tambaye shi zai ce gadon kaka da kakanni ne, alhali kuwa al'adar a wannan kama ba ta fi shekara ɗari ba.

Gashin da aka sani a dā na taron jama'a ne. A kudancin ƙasar rami ake haƙawa, a ƙona itace ya zama garwashi, a ɗora dabba guda, galibi alade, ta kwana tana gasuwa. Bayi baƙar fata ne ke wannan wahala. George Washington ma ya rubuta a littafinsa na yau da kullum cewa ya halarci irin wannan walima a garin Alexandria a 1769. Aiki ne na ƙarti da yawa, ba na mutum da iyalinsa ba.

Henry Ford ne ya sauya lissafin, ba don yana da ruwa da girki ba. Motarsa Model T, wadda ta fito a 1908, tana cin katako sosai, daga ƙafafu har gangar jiki. Don kada masu sayar da katako su riƙa ja masa rai, sai ya nemi dajin kansa. Wani dillalin filaye mai suna Edward Kingsford, mijin wata 'yar uwarsa, ya samo masa fili fiye da eka 300,000 a arewacin jihar Michigan a 1920, aka kafa injin yanka katako kusa da garin Iron Mountain.

Nan fa dusar katako da guntaye suka fara taruwa tsibi-tsibi, shi kuwa Ford ba ya ƙaunar ganin asara ko ta ƙwayar zarra. Dabarar cura garin gawayi ba sabuwa ba ce, domin wani Ellsworth Zwoyer ya yi mata rajista tun 1897, amma hanyar wani masanin kimiyya na Jami'ar Oregon, Orin Stafford, ita Ford ya ɗauka: a ƙona dusar ta koma gawayi, a niƙa, a kwaɓa da sitaci, a matse ta ƙananan curi masu girma ɗaya. Da gawayin ya fi ƙarfin masu ƙyafe nama da kifi da ke saye, sai Ford ya tura wa dilolin motarsa. A shekarun 1930 mutum kan shiga shagon mota ya fito da ɗan murhu da ƙunshin gawayi, don ya tuƙa iyalinsa shan iska. Ko ta ina dai kuɗin aljihun Ford yake komawa.

Kasuwar ba ta buɗe sosai ba sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da sojojin da suka dawo suka sami rancen gidaje, aka gina sababbin unguwanni a wajen birane, kowane gida da filinsa a baya. Murhun lokacin buɗaɗɗe ne, iska ta kwashi toka ta zuba a nama, ruwan sama ya kashe wuta. Wannan ne ya ishi George Stephen, ma'aikaci a kamfanin ƙira na Weber Brothers da ke Chicago, inda suke ƙera manyan ƙwallayen ƙarfe da ake sawa a ruwa don nuna wa jirage hanya. A 1952 ya ɗauki rabin ƙwallo ɗaya, ya sa masa ƙafafu uku da murfi, ya huda ƙofofin iska. Murfin nan ya riƙe zafi, nama ya riƙa nuna har ciki ba tare da ya ƙone ba. Ya yi tsada ƙwarai a kan sauran murahu, duk da haka aka yi rububinsa.

Shekara guda kafin haka, a 1951, kamfanin Ford ya sayar da harkar gawayin ga wasu 'yan kasuwa, su kuma suka raɗa mata sunan Kingsford. Mai sunan bai ga haka ba, ya rasu tun 1943. Kamfanin Clorox ya saye ta a 1973, a lokacin da murhun gas ke ƙara kutsowa bayan gidaje, masu gaggawa suna komawa gare shi, masu son ɗanɗanon hayaƙi suna cewa ba su san zancen ba.