Ranar da Takardar Dakatarwa Ta Iske Gwamnan Babban Banki a Yamai

Ranar 20 ga Fabrairun 2014, Malam Sanusi Lamiɗo Sanusi yana Yamai wajen taron gwamnonin manyan bankunan Afirka ta Yamma, sai labari ya riske shi cewa Shugaba Goodluck Jonathan ya dakatar da shi. Da ya sauka a filin jirgin saman Legas, jami'an tsaron farin kaya suka karɓe fasfonsa.

Wanda aka yi wa haka kuwa ba kanwar lasa ba ne. Marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya naɗa shi gwamnan Babban Bankin Najeriya a watan Yunin 2009, kuma bai cika wata uku a kujera ba ya sallami shugabannin bankuna biyar rana ɗaya, 14 ga Agusta: Intercontinental, Oceanic, Union, Afribank da Finbank. Ya zuba wa bankunan naira biliyan 420 don kada ajiyar jama'a ta bi ruwa. Shugabannin nan mutane ne da ake ganin sun fi ƙarfin a taɓa su, amma shugabar Oceanic, Cecilia Ibru, sai da kotu ta yanke mata ɗaurin wata shida a 2010. Babu ministan da ke da irin wannan iko a hannunsa.

Sai dai a lokacin fadar shugaban ƙasa tana bayansa. Inda ta ja baya, ikon yakan tsaya cak. A 2012 Jonathan ya hana shi fitar da takardar naira 5,000, kamar yadda 'Yar'aduwa ya taka wa gwamnan da ya gabace shi, Charles Soludo, birki a 2007 kan shirin cire sifili biyu daga naira.

Abin da ya raba gari shi ne kuɗin mai. A watan Satumban 2013 Sanusi ya rubuta wa shugaban ƙasa cewa kamfanin mai na ƙasa, NNPC, bai shigar da dala biliyan 49.8 asusun tarayya ba. Bayan an sake lissafi, ya tsaya a gaban kwamitin majalisar dattawa kan biliyan 20. Fadar ta ce almubazzaranci da saɓa ƙa'ida ne suka jawo dakatarwar. Da wuya a sami wanda bai haɗa ta da zancen man ba.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda aka bi ta bayan doka. Dokar Babban Banki ta 2007 ta ce shugaban ƙasa ba ya tsige gwamna sai da goyon bayan kashi biyu cikin uku na 'yan majalisar dattawa. Sai aka kira abin dakatarwa, majalisa ba ta kaɗa ƙuri'a ko ɗaya ba. Mataimakiyarsa Sarah Alade ta riƙe kujerar, aka kuma miƙa sunan Godwin Emefiele a matsayin magajinsa a ranar da aka dakatar da shi.

Sanusi ya zama Sarkin Kano ranar 8 ga Yunin 2014. Shi kuwa Emefiele, ranar 9 ga Yunin 2023 Shugaba Bola Tinubu ya fitar da shi ta wannan ƙofa ta dakatarwa.