Borin jini bayan motsa jiki: yadda za ku gane shi

Ni dai a Agege abin ya fara min. Duk yammar da muka buga ƙwallo, ko na taya Baba kora shanu a kara, ba a minti goma sai jikina ya ɗau ƙaiƙayi, ƙananan ƙuraje su feso a ƙirji da wuya. A gida aka ce canjin ruwa ne. Likita kuwa ya ce borin jini ne, irin wanda ɗumin jiki ke tayarwa: da zufa ta karyo, fata sai ta saki sinadarin histamin, shi ke kawo susar. Ga kuma zafin Legas, zufa ba ta bushewa.

Ba ƙurajen zafi ba ne fa. Su suna kwanaki, shi kuwa yawanci cikin awa ɗaya ya lafa idan ka huce a inuwa ko ka watsa ruwa.

Cetirizine likita ya rubuta min, ina sha kafin wasa. Piriton na sa barci, 'yan acaɓa da direbobi a kula.

Amma in leɓe ko harshe ya kumbura, numfashi ya sarƙe, ko jiri ya ɗebe ka, kar a tsaya shafa man zafi. A yi asibiti nan take, wannan yana iya kisa.